Rigar auren Mama ta 1986: in sa mata almakashi ko in haƙura?

Autar Mama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ɗinki da waɗanda suka taɓa yin irin wannan, ku ba ni shawara kafin in tafka ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Bikina saura wata huɗu in Allah ya kai mu. Makon jiya muna fito da kaya daga ɗakin ajiya za a yi fenti, sai muka ci karo da tsohuwar adakar Mama, irin ta ƙarfen nan mai kwaɗo biyu. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa, ga wani abu naɗe a leda. Ina buɗewa warin kafur ya doke ni, sai ga rigar amarya, doguwa har da jela. A hoto kawai na san ta, wanda ke rataye a falo tun ina yarinya, ban taɓa zaton tana nan ba. Baba ne ya sayo ta a Ingila lokacin da yake karatu, ya sako ta cikin kayan lefe a 1986. Mama ta ce sau ɗaya ta sa ta, ranar liyafar da abokan ango suka shirya a Kaduna, kuma ko awa uku ba ta yi a jikinta ba, don kakarmu ta wajen uba ta aiko a ce wa amarya ta cire kayan Nasaran nan kafin a kawo ta gida.

Yadda take: jikinta satin ne mai nauyi, an bi ƙirji da wuya da bakin jela da leshi mai ƙananan duwatsu. Wuyan ya haura har maƙogwaro. Hannun kuwa, kowane ɗaya sai ka ce an cusa kankana a kafaɗa, daga gwiwar hannu kuma ya tsuke har wuyan hannu. Bayanta maɓallai ne jere, na ƙirga 32, wasu sun yi tsatsa har ta fito ta ɓata yadin. Farin ya juya ya koma ruwan madara, a wajen ninki ma ya fi duhu. Akwai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a ƙirji, Mama ta ce ba ta tuna ta zubar da komai ba.

Na gwada ta ban shiga ba. An rubuta lamba 10 a ciki, ni ma 10 nake sawa, amma ƙugun rigar inci 25 ne, nawa 31. Yayata ta yi ta dariya har da hawaye.

So nake in sa ta ranar dina. Kamu da walima duk an gama shirin kayansu, wannan ce kaɗai ban yanke ba. A raina a cire kumburin kafaɗar nan, a rage jelar, a buɗa ƙugun, wuyan kuwa a bar shi yadda yake, don rufin da nake so ke nan, ba sai na yi ta fama da ƙarin raga ba kamar yadda ake yi wa rigunan yanzu. Telana na ganin ta ya ce ai ba komai, kwana uku ya gama, in fara kai ta a jiƙa a bilic ta yi fari. Saurin amsarsa ne ya ba ni tsoro.

Na tambayi Mama ko ta yarda a yanka. Ta ce, "Ke kika damu da ita, ko tsumman goge-goge za ki yi ki yi." Amma da ta ga na ajiye ta a kan kujera, da kanta ta tashi ta ninke ta, ta shafa leshin wuyan da tafin hannu, ta kai ɗakinta ta ɗora a kan gado. To ni yanzu ban san wanne zan ɗauka ba, maganar bakinta ko abin da hannunta ya yi.

Za ta gyaru? Ta ina ake farawa?

Anti Mai Keke

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Shekarata 24 ina ɗinkin mata a Kano, irin wannan aikin ya biyo ta hannuna ba sau ɗaya ba.

Da farko ki karɓe rigar daga idon telan nan. Ban ce bai iya ɗinki ba, amma wanda ya ce a jiƙa rigar shekara kusan 40 a bilic bai ko tambayi yadin mene ne ba, bai san tsohon kaya ba. In siliki ce bilic cinye ta zai yi, in roba ce a cikin leshin sai ya ƙara rawaya. Tsatsar maɓallan ma bilic ƙara kama ta yake yi.

Sai kin san yadin tukuna, kuma a gida za ki gane. Ki juya rigar, ki nemi inda aka bar rarar yadi a bayan ɗinki, ki yanko ɗan siriri kamar tsawon farce. Ki riƙe da hantsaki a kan faranti ki kai masa ashana. In ya yi ƙauri irin na gashi, ya bar baƙin abu da za ki murje da yatsa ya zama gari, siliki ne. In ya noƙe yana gudun wutar, ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa, foliyesta ne. In ya ci da wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce ko danginta. Akwai na huɗu da ake kira asitet, an yi amfani da shi sosai a satin da shafin riguna na wancan zamani. Shi kuma ki ɗiga wa ƙyallen ruwan goge jan farce, mai ƙarfin nan, za ki ga ya yi danƙo ya narke. Ki gwada jikin rigar daban, shafin ciki daban, don sau da yawa ba yadi ɗaya ba ne.

Ki yi addu'a ta zama foliyesta. Na san mutane sun fi son a ce siliki, amma tsohuwar siliki da ta sha zafin ɗakin ajiya a cikin leda, wani lokaci allura na shiga take tsagewa. Ki kama yadin da hannu biyu a wajen hammata da wajen ninki, ki ɗan ja a hankali kusa da kunnenki. In kin ji yana ƙas-ƙas ko kin ga zaren na buɗewa, to jikin rigar ya mutu, sai dai a ceci leshin.

Maganar ƙugu. Lambar da ta yanzu ba ɗaya ba ce, kamfanoni sun yi ta faɗaɗa awo suna barin lambar yadda take, kada dariyar yayarki ta dame ki. Amma inci 6 ba abin da za a samu ta hanyar sakin ɗinki ba ne. In an yi sa'a a samu inci ɗaya da rabi ko biyu a gefe da gefe. Kuma satin ba ya yafe allura: duk inda aka farke, ramukan tsohon ɗinkin suna nan a jere, sannan yadin da ke ɓoye a ciki bai ga haske ba, launinsa ya bambanta da na waje. Za ki ga layi ya fito miki tun daga hammata har ƙugu.

Abin da nake yi shi ne in ciro ƙari daga jikin rigar kanta. Tunda za ki rage jela, yadin da ya fita daga can shi za a yanka a sa a gefe biyu, shekarunsu ɗaya, launinsu ɗaya. Sai a ɗauko leshin bakin jelar a ɗora a kan mahaɗin da ɗinkin hannu, mai kallo ya ɗauka ado ne. Kumburin kafaɗar ma yadi ne mai yawa aka tattara, in aka warware shi aka goge, hannu guda mai kyau zai fita daga ciki har da saura. Wasu suna cire maɓallan baya su mayar da shi na zarge da igiya, yana ba da sarari sosai, amma ni ban so wa rigarki haka ba. Jeren maɓallan nan shi ne kyan bayanta. A cire tsofaffin, a sa ɓoyayyen zif, a lulluɓe sababbin maɓallai na roba da ragowar satin ɗin a jera a kai.

Abu ɗaya da ba na sassautawa: kada almakashi ya taɓa rigar sai an fara ɗinka miki samfurinta da akoko kin gwada, kin zauna, kin ɗaga hannu, kin sunkuya. Duk kuskuren da za a yi a yi shi a kan akoko. Telan da ya ce wannan ɓata lokaci ne, ki yi masa godiya ki ɗauki kayanki. Kuma ki ba aikin wata biyu, ba kwana uku ba. Ciro leshi daga tsohon satin da ɗan ƙaramin almakashi, zare bayan zare, ni kaina sai in kwashe sati ina yi da daddare, ga ciwon wuya.

In har sai an sayi sabon yadi, misali na shafi ko mayafi, ki yanki ƙyallen rigar ki tafi da shi Kantin Kwari. Kada ki yarda da fitilar cikin shago, ki fito bakin ƙofa ki haɗa su a hasken rana. Kuma ki guji fari ƙal. Kina ɗora farin mayafi sabo a kan ruwan madarar nan, rigar ce za ta zama kamar mai dauɗa, musamman a hoto.

Maman 'Yan Biyu

Ni dai ƙanwata da za ki ji tawa, ki mayar da ita adaka. Na yi irin wannan gangancin da leshin auren mahaifiyata, irin mai nauyin nan na da, buba da zani da gyale. Na kai wa wani tela a unguwarmu ya mayar min doguwar riga. Ya yanka zanin gida huɗu, ya ɓata awo, ya zo ya cike da wani yadi mai ƙyalli da ban san inda ya samo shi ba. Ragowar ma da na tambaya ya ce yara sun share. Ban sa ba, kuma ba ta koma zani ba. Mahaifiyata ba ta ce min uffan ba, wallahi da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Sannan ki duba, ba ke kaɗai ce 'yarta ba. Kin tambayi yayarki da gaske, ko dariyar kawai kuka yi? Irin wannan kayan ba wanda ya damu da shi sai ranar da mutum ɗaya ya taɓa. Ga masu ba da hayar rigunan amare ko'ina, ki sa ta dare ɗaya ki mayar, hankalinki kwance.

Mai Wanki da Guga

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, sana'ata ce ta jawo ni.

Hajiya, ɗigon da kika gani a ƙirji, mai yiwuwa lemon kwalba ne ko wani abu mai sukari. Ranar da ya zuba ba a ganinsa, yana bushewa ya ɓace, shi ya sa Mama ba ta tuna ba. Da shekaru da zafi sai sukarin ya dahu a cikin zaren ya koma ruwan ƙasa. Wankin inji na kamfani ba ya cika fitar da shi, domin sinadarin da ake sawa maiƙo yake narkarwa, sukari kuwa ruwa yake so. Kuma ki duba duwatsun leshin, ɗinka su aka yi ko da gam aka manna? In gam ne, sinadarin nan zai iya sakin su, a miƙo miki riga a hannu ɗaya, duwatsu a ɗaya.

In gwajin Anti ya nuna foliyesta ce, wankin hannu ya fi. Ki fara cire maɓallan nan duka kafin ruwa ya taɓa ta, in ba haka ba tsatsar za ta bazu. Babban baho, ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan, sabulun ruwa mara ƙarfi. A jiƙa, a riƙa dannawa da tafin hannu, ba cuɗawa, ba matsewa. A canza ruwan, za ki ga na farko ya fito kamar shayi. In ruwan gidanku na burtsatse ne mai barin ja a jikin bokiti, kada ki yi da shi, ki sayi mai tsabta ko da na leda ne. Bula ma kada a sa, a kan ruwan madara launin toka-toka take bayarwa.

Wajen fitarwa ku shimfiɗa farin zanin gado a ƙarƙashinta ku ɗago mutum biyu, don in ta sha ruwa nauyinta kaɗai ya isa ya yaga kafaɗa. A shanya a kwance a inuwa, ba a igiya ba. Guga kuma ta bai, wuta kaɗan, da farin ƙyalle a tsakani. Dutsen gawayi kada ya kusance ta.

Ba zan yi miki alkawarin tabon zai fita duka ba. Wanda ya ƙi, sai Anti ta rufe shi da furen leshi.

Na san wani zai ce a kai marina a rine ta kawai a huta. Babar rini ta Ƙofar Mata auduga da siliki take kamawa, ba ta zama a jikin foliyesta. Sai ki ga wani wuri ya ɗauka wani ya ƙi.

Uwargida a Leeds

Amarya, ina ganin kin ce kumburin kafaɗa da 1986 na yi murmushi. Hannun rigar Gimbiya Dayana ta Ingila ke nan. Tun da ta yi aure a Landan a watan Yulin 1981 da rigar nan mai jela ƙafa 25, shekaru goma kusan kowace amarya a nan da irin kafaɗar ta fita. Baba ya sayo abin da ake yayi ne a lokacin. Har yanzu shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a nan ba sa rabuwa da irinsu.

Ga Maman 'Yan Biyu, ban ƙi taki ba, amma masu abin ma ba ajiyewa kawai suke yi ba. A Yulin 2020, lokacin korona, Gimbiya Beatrice ta yi aure da tsohuwar rigar kakarta Sarauniya Elizabeth, wadda Norman Hartnell ya ɗinka, Sarauniyar ta sa ta tun farkon shekarun 1960. Ba ma rigar aure ba ce, ta fita taro ce. Angela Kelly da Stewart Parvin suka gyara mata, suka ƙara ɗan hannu na yadi shara-shara, suka daidaita ƙasan. Ita kanta Sarauniya Victoria, wadda aurenta na 1840 ya sa farar riga ta zama yayi, leshin rigarta ba ta kulle shi ba, ta yi ta ɗora shi a kan wasu kayan a bukukuwan 'ya'yanta, har autarta mace ta yi aure da shi a 1885.

Abin da na ɗauka daga nan: ba dole sai rigar gaba ɗaya ba. In satin ɗin ya gaza, ko zuciyarki ta kasa, a ciro leshin bakin jela kaɗai a bi gefen mayafinki da shi. Jikin rigar na nan yadda yake, in an so ma a mayar.

Kuma kafin komai, ki sa a ɗauki rigar hoto gaba da baya da ciki. Ki lallaɓi Mama ta riƙe ta a jikinta a ɗauka.

Maman 'Yan Biyu

Uwargida, su masu fada telolinsu a gida suke kwana. Namu fa? Amma maganar mayafin ta shige ni, da na san haka da gyalen kaɗai na taɓa.

Autar Mama

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da rahoto.

Anti, na yi gwajin jiya da yamma a bayan kicin. Satin ɗin ya noƙe ya dunƙule ya yi tauri, har ya manne a faranti, ke nan foliyesta. Na ja shi a hammata da wajen ninki, ko gezau. Shafin ciki kuwa ina ɗiga masa ruwan goge farce ya zama kamar ƙaro a yatsana, kuma dama ya tsattsage a wajen ƙugu, ina ganin sai sabo. Malam mai wanki, duwatsun ɗinka su aka yi, na ga zaren ta baya. Maɓallan na cire su da reza ɗaya bayan ɗaya, suna cikin gwangwanin madara.

Maman 'Yan Biyu, maganarki ta hana ni barci, sai na kira Yaya. Ashe tana so. Ta ce lokacin bikinta ta tuna da rigar, kunya ta hana ta tambaya. Mun yi da ita cewa hannu ɗaya daga cikin biyun ba za a taɓa shi ba, za a ciro shi ɗungum a ba ta, ta ce za ta yi wa 'yarta rigar suna in Allah ya sauke ta lafiya. Anti, ɗayan da abin da zai fita daga jela za su isa hannu biyu da ƙarin gefe? Jelar daga ƙugu zuwa ƙarshe inci 88 ce, ni kuma daga ƙugu zuwa ƙasa 42.

Na koma wajen Mama da hoton samfurin da nake so. Ta daɗe tana kallo, ta ce kafaɗar dama ita ma ba ta taɓa sonta ba, ranar ma da ƙyar ta shiga mota. Jela a rage, ƙugu a buɗa. Sai ta ɗora yatsa a kan leshin wuyan ta ce, "Wannan dai ku bar min shi." Wai a nan Baba ya maƙala mata wani ɗan fil da hannunsa kafin su fita. Na duba, ramin fil ɗin na nan, biyu ƙanana a gefen hagu.

Anti, in na shigo Kano ranar Asabar da rigar da akoko yadi biyar, zan same ki a shago?

Anti Mai Keke

Yadin zai isa in ba a yi wa hannun faɗi ba, amma sai na gani da idona. Ki wanke ta tukuna ta bushe sarai, ba a awo a kan rigar da ba a wanke ba. Ki zo da takalmin da za ki sa ranar, da gwangwanin maɓallan, ina so in ga girmansu. Bayan azahar ina nan. Ki tambayi Mama ko fil ɗin yana cikin adakar.